Ƙaramar Ƙofa Tsakanin Gidanmu da Gidan Iya

Gidanmu a Dogo Nini yake, kuma lokacin da nake yarinya gidan ƙasa ne kamar yawancin gidajen layin. Baba yadi yake sayarwa a kasuwa. Kakansa ne ya taso daga Kano da fatauci ya zauna a Potiskum, amma da Baba ya isa aure sai aka koma can gida aka ɗauko masa Umma. Don haka ba ta da kowa nata a garin, dangin miji kuma suna wata unguwa. Ba ta fita sai da dalili, suna ko ta'aziyya ko asibiti. Mu yaranta ne abokan hirarta, mu da rediyo.

A bayan katangarmu ta gabas akwai gidan wasu Ngizimawa. Maigidan manomi ne, gonarsa tana wajen Yindiski, matarsa kuma ita ce wadda daga baya duk muka riƙa kira Iya. Ta girmi Umma sosai. Kafin mu san fuskarta da kyau mun san muryarta, don mace ce mai magana da ƙarfi, kullum tana faɗa da awaki ko tana kiran yara da yaren da ba ma ji. Ita da Umma gaisuwa ce kawai tsakaninsu idan an haɗu a gidan biki. Katangar ta fi tsayin mutum, ba mai leƙen wani.

Ina aji uku a firamare aka yi wata damina mai malka. Ruwa ya yini yana zuba, ya kwana, ya sake yini, har ƙasan katangu ya fara jiƙewa yana yin baƙi. Wata safiya muna karyawa a rumfa sai muka ji wani ƙara mai nauyi daga wajen madafa. Da muka fito, katangar gabas ta zube daga tsakiya, ƙasa ta cika wajen da Umma take ajiye itace. Ga Iya tsaye a tsakar gidanta da ludayi a hannu tana kallonmu, mu ma muna kallonta. Abin da ta fara tambaya shi ne ko ta danne wani. Da aka ce mata babu, sai ta sa dariya, ta ce to Bakanuwa, yau dai mun ga juna. Daga ranar ba ta sake kiran Umma da wani suna ba.

Baba ya kira magini. Mutumin ya zo ya duba, ya ce ba a gina katangar ƙasa ana tsakiyar ruwa, duk abin da ya ɗora zai sake zubewa, sai dai a jira kaka. Aka sayo zana aka kafa a wajen. Zanar ba ta hana awakin Iya komai ba. A makon farko suka cinye zogalen Umma har saiwa, Iya ta biyo su da sanda, ta ɗaga gefen zanar ta shigo tana ba da haƙuri. Tana shigowa kuma ta ga Umma da tsohon ciki tana daka, sai ta karɓe taɓaryar ba tare da ta nemi izini ba. Hausarta irin ta mutanen da suka koya da girma ce, mace da namiji duk "ya" take ce musu, mu yara muna ɓoye baki muna dariya, Umma tana harararmu.

Haka gefen zanar nan ya zama hanya. Ana ɗebo wuta, ana aron rariya, ana miƙa gishiri. Ranar da naƙuda ta kama Umma da hantsi ne, Baba yana kasuwa, yayana yana makaranta, ni kaɗai ce a gida saboda zazzaɓi. Ban san abin yi ba, sai na tsaya a jikin zana ina kiran Iya. Ta shigo hannunta duk ƙullu, ta dubi Umma sau ɗaya, ta aiki ɗanta ya samo mota, ta raka ta asibiti. A nan aka haifi autanmu. Kakarmu ta Kano ba ta da lafiya a shekarar, ba ta samu zuwa ba, sai Iya ta ɗauki wankan jegon gaba ɗaya. Ita take hura wutar ruwan zafi safe da yamma, ita take dama kunun kanwa, ita take yi wa jariri wanka, har aka yi arba'in.

Da aka cire amfanin gona ƙasa ta bushe, magini ya aiko cewa ya shirya. Ranar da za a fara aiki, da Baba ya zauna karin kumallo sai Umma ta durƙusa a gefensa. Ina wajen, ina riƙe da jariri.

Ta ce, "Malam, da za ka yarda, da an bar mana 'yar ƙofa a katangar nan."

Baba ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce shi bai taɓa ganin inda aka yi haka ba sai tsakanin wa da ƙani. Ya ce gida biyu ne, kowa da iyalinsa da sirrinsa, ga samari suna tasowa a can, ga 'ya'ya mata a nan, ga awaki, kuma ranar da yara suka haɗa faɗa ƙofar ce za ta fara zama abin magana. Umma ba ta yi musu ba. Ta ce kawai ya tuna wanda ya tsaya a kanta ranar haihuwa. Ya tashi ya tafi kasuwa, amma a hanya ya tsaya ya ce wa magini ya fara daga gefe, ya bar tsakiya tukuna.

Da la'asar ya samu mijin Iya a kan tabarma a ƙofar gida. Ashe Iya ta riga ta yi masa irin wannan maganar, shi ma yana jin nauyin ya fara tayar da ita. Suka daidaita a kan sharuɗɗa. Ƙofar za ta zama ƙarama, a sa mata sakata ta kowane gefe, duk gidan da ya ga dama ya rufe nasa ba tare da an tambaye shi dalili ba, kuma namiji baligi ba zai bi ta ba, ko da maigida ne.

Na yini ina kallon aikin nan. Magini ya ɗora tubali ta dama da ta hagu, ya bar fili a tsakiya wanda bai wuce faɗin mutum ɗaya da tulu a ka ba. Da ginin ya kai kafaɗarsa sai ya gitta guntayen azara a sama ya ci gaba da ɗora ƙasa a kansu. Bayan ginin ya sha iska kafinta ya zo da katako da fallen kwano. A tsakar gidanmu ya haɗa ƙyauren, ya buga kwanon a kan katakon, ya lanƙwasa bakinsa don kada ya yanki yaro. Ya kafa katakon da zai riƙe shi a jikin ginin, ya cike gefe-gefe da laka, ya rataya ƙyauren. Ranar ya buɗu lafiya. Bayan 'yan kwanaki ginin ya ƙara bushewa ya zauna, sai ƙyauren ya fara jan ƙasa, sai an ɗaga shi da hannu kafin ya motsa. Kafinta ya dawo ya cire shi ya rage ƙasansa, amma duk da haka bai daina wani ɗan kuka ba idan an tura shi. Daga ɗaki muna jin kukan nan mun san Iya ce ko ɗaya daga cikin yaranta.

Kowace shekara kafin ruwa ya sauka ake yaɓen gida. Tun da aka yi ƙofar, gidajen biyu suka riƙa yin nasu tare. A zubo jar ƙasa a ƙofar gida, a zuba ruwa da yankakkiyar ciyawa, lebura su shiga da ƙafa suna cuɗawa, a bar ta ta kwana biyu ta yi laushi. Magina su bi bangon waje da bayan ɗakuna da wajen indararo, duk inda ruwan bara ya zaizaye su cike, su shafe da tafin hannu. Amma katangar tsakani ba a ba magina. Iya ta ce wannan tasu ce. Ita da Umma suke yaɓe ta da kansu, kowa da gefenta, ƙofa a buɗe suna hira, mu muna kai musu laka a tsohon kwano. Umma ba ta iya ba da farko, nata yakan yi kauri a wani waje ya tsage idan ya bushe. Iya ta koya mata ta fara yayyafa wa bangon ruwa, ta jefa lakar da ƙarfi ta kama, sannan ta bi da hannu daga ƙasa zuwa sama. Idan an gama, Iya takan zagaye bakin ƙofar da yatsu uku ta yi layi-layi, wai don kada ta zauna ba ado. Ranar yaɓe tukunya ɗaya ake ɗorawa. Wata shekara Iya ta yi burabusko da miyar yakuwa, wata shekara Umma ta yi gurasa ko dambu, a ci a tsakar gidan da ya fi inuwa.

Abin da Baba ya faɗa game da faɗan yara ma ya faru. Autanmu, da ya yi wayo, ya jefi jikan Iya da dutse ya fasa masa goshi. Iya ta kama shi ta zane shi a gidanta kafin ta kawo shi. Umma ta ga shatin bulala a bayan yaron, ranta ya ɓaci, ta ce ko laifi ya yi ai sai a kawo mata shi ta hukunta da kanta. Magana ta yi tsawo, Iya ta koma gidanta tana faɗa da yarensu, Umma ta ja ƙyaure ta zura sakata. Aka hana mu zuwa. Gidan ya yi mana shiru. Muna jin dakan Iya, muna jin tarin mijinta. Baba ya san abin da ake ciki amma bai sa baki ba, tunda sharaɗin da ya gindaya ke nan. An fi mako a haka. Wata ranar Juma'a Umma ta yi waina, ta zuba a kwano ta rufe, ta tsaya da shi a hannu kamar mai tunanin wanda za ta aika. Can sai ta je da kanta ta zare sakatar, tana shirin ƙwanƙwasawa. Tana taɓa ƙyauren ya buɗe. Iya ba ta taɓa rufe nata gefen ba. Tana zaune tana tsince wake, ta ɗago ta ce Bakanuwa ya gama fushi? Umma ta ajiye kwanon, ta jawo kujera ta sa hannu a waken.

Na yi aure na bar gidan, amma cikin gari nake, kusan kullum ina hanya. Sai kuma aka shiga shekarun da gari ya rikice. Ba na son in tsaya a kansu, duk wanda ya zauna a nan ya san yadda aka yi. Masu walda suka samu aiki, kowa yana cire ƙyauren katako yana sa na ƙarfe. Baba ma ya sa aka fasa bakin zaure aka kafa ƙofar ƙarfe mai sakata uku, aka ɗaure ta da siminti, shi ne simintin farko da ya taɓa bangon gidanmu. Akwai lokacin da aka hana fita kwata-kwata, ya same ni a gida na zo da yara. Ba kasuwa, ba masallaci. Iya tana da hatsi a rumbu, mu muna da mai da sukari da shinkafa, ƙaramar ƙofar nan ba ta huta ba. A rana ta biyu, da lokacin azahar ya yi, Baba ya yi alwala ya tsaya a tsakar gida yana duban katanga. Sai ya ce wa Umma ta je ta gaya wa matan can su shiga ɗaki, kuma ta ce wa maigidan idan bai damu ba ya shigo da yaransa a yi jam'i. Ina kallo ta taga mijin Iya ya sunkuyo ta ƙofar, hularsa ta bugi azara ta faɗi, 'ya'yansa maza suna biye da shi. Suka yi sahu a rumfarmu. Har aka ɗage dokar haka suke yi, wani lokaci a gidanmu, wani lokaci Baba ya sunkuya ya tafi can. Da gari ya lafa suka koma sharaɗinsu na da, ba wanda ya sake bi.

Baba ne ya fara rasuwa. Mijin Iya ya bi shi ba da daɗewa ba. Matan biyu suka yi takaba kusan a jere, kowacce ta yi wa 'yar'uwarta hidima. Bayan haka suka zauna shekaru kamar mutanen gida ɗaya, har Iya ta fara kwana a ɗakin Umma idan ƙafarta ta matsa mata. Amma idonta ya fara rauni, babban ɗanta kuma yana aiki a Damagum ya yi gini a can. Ya zo ya ce ba zai bar ta a tsohon gida ba, ga 'yan'uwansa suna son a raba gado. Aka sayar da gidan ga wani dillalin shanu da yake son ya dawo da iyalinsa cikin gari. Ranar da za ta tafi, ta ƙaramar ƙofa ta shigo yin sallama. Ba su yi wata doguwar magana ba. Umma ta ɗaure mata turaren wuta da atamfa, ta raka ta har zaure.

Bara yayana ya tashi gyaran gidan. Ya daɗe yana cewa ya gaji da yaɓen kowace shekara, ga masu iya shi sun yi ƙaranci, samarin yanzu ba mai son shiga laka. Ya sa aka rushe katangun ƙasa aka ɗora bulo. Ɗakunan da ba a rushe ba aka kankare tsohon yaɓensu, aka buga waya a jiki don siminti ya samu abin kamawa, aka yi filasta. Bangon waje aka yi masa feshin siminti mai gurji-gurji, aka bi da fenti ruwan madara. Aka cire duk tsofaffin ƙyamare aka sa ƙofofin ƙarfe na zamani masu mukulli a jiki. Gaskiya gidan ya yi kyau, kuma daminar da ta biyo baya ba wanda ya tashi duba bango.

Kafin a taɓa katangar gabas, yayana ya je ya samu sabon maƙwabcin, don Umma ta sa shi ya tambaya. Mutumin ya karɓe shi da mutunci. Ya ce ya ji labarin ƙofar, kuma ya san alheri ne ya kawo ta, amma gidansa cike yake da samari masu kai-komon shanu da baƙi daga ƙauye, hankalinsa zai fi kwanciya da katanga. Ya ce zai ɗauki rabin aikin. Da yayana ya kawo amsar, Umma ta ce ai gaskiyarsa ce.

Na je ranar da aka cire ƙofar. Ban yi zaton Umma za ta fito ba, amma ta sa aka kai mata kujera rumfa ta zauna. Birkila ya zura ƙarfe ya ɓanɓare katakon, ashe gara ta cinye cikinsa, yana ja ya ruguje a hannunsa. Kwanon ya yi tsatsa har ana hango haske ta jikinsa. Azarar ce kawai ba abin da ya same ta. Kafin la'asar bulo ya kai sama, washegari aka yi filasta. Suna cikin shafewa Umma ta ce in kira mata Iya a waya. Na kira lambar surukar Iya aka kai mata.

Umma ta ce, "Yaya, yau ana toshe ƙofarmu."

Iya ta ce, "To ki ce su sa siminti da yawa a ƙasa. Wajen nan ruwa yana kwanciya."

Umma ta kira birkilan ta faɗa masa, ya ce to Hajiya, ya ƙara.

Bayan ƙaramar salla Umma ta ce a kai ta Damagum. Yayana ya ja mota, na zauna da ita a baya. Mun samu Iya a kan tabarma a bakin ɗakinta, ta rame, ba ta gani sai dishi-dishi, amma muryar tana nan. Ta lalubi fuskar Umma, ta lalubi tawa, ta tambayi autanmu da matarsa. Umma ta ba ta labarin layin gida-gida, wanda ya mutu da wanda ya aurar da wanda ya tafi Makka. Ta gaya mata matar sabon maƙwabcin Bafulatana ce mai kunya, takan zagayo ta titi da hijabinta ta kawo nono, amma ba ta zama. Iya ta ce a yi haƙuri da ita, baƙuwa ce. Suka ci abinci a kwano ɗaya, suka yi azahar da la'asar, mu muna waje muna hira da ɗanta.

Da za mu tafi, Iya ta ce sai ta shiga ɗaki ta ɗauko wa Umma kuka da daddawar da ta ajiye mata. Ta tashi tana lalube, ta tura ƙofar ɗakin ta ƙi buɗewa, sai da ta sa kafaɗa. Ƙofar katako ce, ta kumbura da damina ta cije a jikin katakon da yake riƙe da ita, kuma ɗanta ya ce kullum yana niyyar kiran kafinta aiki yana hana shi. Sai da muka hau titi Umma ta ce wa yayana tsohuwa mara ido ba ta kokawa da ƙofa, ya turo wanda ya sa mana ƙofofinmu ya duba. Ya ce to. Ta ce ba to ba, yaushe. A makon nan ya sa mutumin a mota ya tafi Damagum da kayan aikinsa, ya cire ƙofar ya fere gefenta ya mayar, ya sauko da mariƙin ƙasa daidai hannun Iya. Da yamma surukarta ta kira ta ce an gyara, Iya tana ta shiga tana fita tana sa albarka.